Ba zan sa sunanka a aikin da ba ka yi ba

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya same ni a Liyon ta ƙasar Faransa, kuma shi ne na huɗu irinsa da ya zo mini daga Garwa tun bayan ƙaramar salla, shi ya sa na ga gara in amsa a fili. Ka ce kana shekarar ƙarshe a Jami'ar Ngaundere, kana son zuwa Faransa digiri na biyu, kuma an gaya maka cewa duk wanda sunansa ya fito cikin masu ba da gudummawa ga buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa zai iya ganin rubutunta ya kawo gyara) a GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan manhajoji, biza ba ta yi masa wuya. Don haka kake roƙon Kawu ya rubuta gyara ya tura da sunanka a 'yar manhajar da yake cikin masu kula da ita. Ba zan yi ba.

Wanda ya gaya maka zancen biza bai taɓa zuwa Yawunde neman biza da takardunsa a hannu ba. Abin da za a duba shi ne ko wata makaranta ta karɓe ka ta hanyar Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗalibai baƙi, da shaidar cewa kana da kuɗin zama na kowane wata, wanda a 2024 Yuro 615 ne, wato sama da sefa 400,000. Ko ka iso, doka ba ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aikin da ya wuce awa 964 a shekara ba. Ni babu wanda ya tambaye ni GitHub a can.

Manhajar da kake magana a kanta ba ta da hoto ko maɓallin dannawa. A baƙin allo ake rubuta mata umarni, aikinta kuwa sauya sunayen fayiloli da yawa a lokaci guda. Na shiga cikinta ne saboda ta ɓata mini aiki. Ina da fayil mai suna "ƙasa", na ce ta rage sunan, sai ta mayar da harafin farko wata alamar tambaya. Na kwana uku kafin in gane cewa a tsarin UTF-8, wanda kwamfuta ke adana haruffa da shi, ƙ da ɗ da ɓ kowannensu gurbi biyu yake ci, ita kuwa manhajar gurbi take ƙirgawa a matsayin harafi, sai ta raba ƙ gida biyu. Na rubuta faci (haka muke kiran gyaran manhaja, kamar na tayar keke), na tura ina jin kaina kamar na ci gari da yaƙi.

Wata bakwai ba wanda ya tanka. Da mai manhajar ya tashi amsawa, layi biyu ya rubuta: babu gwajin da ke tabbatar da gyaran, kuma na taɓa layuka kusan 300 da ba ruwansu da matsalar, don kawai in daidaita su yadda ya yi mini kyau. Ya rufe. Ko sannu bai ce ba. A lokacin ina wanke kwanoni a wani gidan abinci har ƙarfe ɗaya na dare, kuma na ɗauka sunana ya gani ya raina ni. Har yau ina jin ɗacin abin, ko da yake daga baya na gane mutum ɗaya ne tilo, mai 'ya'ya da aikin ofis, da dare yake duba saƙonni kuma ba a biyansa ko sisi. Na sake turawa, layi goma sha ɗaya da gwaji biyu, ya karɓa cikin mako guda. Sai da na shekara uku ina amsa tambayoyin mutane da gyara littafin bayani kafin ya ba ni izinin shigar da gyaran wasu. Aikin da nake ci da shi yanzu ta nan ya zo, amma ranar ganawa sai da suka buɗe facin nan suka sa na bayyana shi layi bayan layi. Da wani ne ya rubuta mini, a nan asirina zai tonu.

Yanzu ma amana ta ƙara tsada. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ɓoyayyiyar ƙofa, wato hanyar kutse ta sirri, a cikin xz, 'yar manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana aiko da gyare-gyare masu kyau har mai kula da ita, wanda gajiya ta yi wa yawa, ya sakar masa ragama. Tun daga nan duk sabon suna sai an yi masa kallon tsanaki, kuma ni da na zo daga nesa na fi kowa sanin cewa idan aka kama ni da sunan aro, ba ni kaɗai za a rufe wa ƙofa ba.

Abin da kake nema ba ya bukatar jirgi. Git, kayan aikin da muke adana gyare-gyare da tura su da shi, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, yana aiki ko babu intanet. Ka sauke manhajar sau ɗaya, ka yi aikinka ko an ɗauke wuta muddin batir na da caji, ka tura ranar da ka samu layi. Ka zaɓi wadda kai da kanka kake amfani da ita, ka gwada ta da haruffanmu, ka rubuta rahoto da Ingilishi mai sauƙi: umarnin da ka bayar, abin da ka zata, da abin da ya fito. Kada ka turo gyaran waƙafi don sunanka ya bayyana, kuma kada ka kwafo daga na'urar ƙirƙirar rubutu abin da ba za ka iya karewa ba. Irin waɗannan muna rufe su ba tare da amsa ba.

Idan ka rubuta facinka na farko, turo mini in duba kafin kowa ya gani, amma ka sani ba zan sassauta maka ba. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana hannun mai zuwa Garwa a ƙarshen wata.