Tsuntsun da ke kan katakon masaƙar ƙasar Bama

Malam, ka tambayi ma'anar tsuntsun da aka sassaƙa a kan ɗan katakon da ake rataya zaren masaƙa, wanda aka kawo maka daga ƙasar Bama, wato Myanmar. In ya yi kama da agwagwa mai tukku, tsuntsun da ake kira hintha ne, tambarin ƙabilar Mon da birnin Bago na ƙasar. A labarinsu, tsuntsayen hintha biyu ne suka sauka a wani ɗan tsibiri, wuri ya yi kaɗan, macen ta hau bayan namijin, nan aka kafa garin.

Amma duba jelar tukuna. In a baje take, ɗawisu ne, tambarin sarakunan Bama na gidan sarautar Konbaung da Turawan Ingila suka tuɓe a 1885. Don Allah kada ka shafa masa fenti. A nawa katakon, inda igiya ta ci shi har ya yi sumul, nan ne shaidar tsufansa.