Ina aikin kwana uku a shagon gyaran gashi, yaya zan fara nawa a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ina aiki a shagon gyaran gashi na wata Hajiya ranakun Talata, Alhamis da Asabar. Na iya kitso, lalle, halawa da dilka. Na kwashi adashe naira dubu 150, ina so in fara karɓar mata a gida a ranakun da ba ni zuwa shago. Da me zan fara, kuma yaya zan yi kada in ɓata da Hajiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Za mu fara da ƙarshen tambayarki, domin maganar Hajiya ta fi maganar kaya nauyi.

Ki same ta da kanki kafin ki sayi ko tsinke. Sakkwato ba ta da girman da za ki yi wata biyu kina yi wa mata lalle a gida labarin bai kai kunnenta ba, kuma in ta ji a bakin wata, abin da za ta ɗauka shi ne kina janye mata mutane. Ki faɗa mata ranakun da za ki yi naki, da irin aikin da za ki yi, ki yi mata alƙawarin abu biyu: ba za ki ba matar da kika sani a shagonta lambar wayarki don aikin gida ba, ba kuma za ki fita da man shafawa ko audugar shago ba. In wata daga cikin matan shagon ta neme ki da kanta, ki ce ta zo shago ranar da kike nan. Sai abin da masu farawa suke mantawa: lokacin da mata za su fi neman ki a gida shi ne lokacin da Hajiya ta fi bukatar hannunki, wato jajibirin ƙaramar Sallah da babba, da watan Sha'aban da ake ta ɗaura aure kafin azumi. Ku yanke wannan tun yanzu. Ko dai ki ba shago yini ki karɓi naki da asuba da bayan magariba, ko ku yi yarjejeniyar ƙarin kuɗi a waɗannan ranaku. Maigida ma a zauna da shi a kan lokacin shigowar mata da lokacin rufe ƙofa, in kuma gidan haya ne na mutane da yawa, a sanar da maƙwabta, don ruwan dilka da hayaƙin turare ba su tsayawa a ƙofar ɗaki ɗaya.

Game da abin da za ki fara da shi, shawararmu ita ce ki bar wa shago duk aikin da ke cin wuta. Injin busar da gashi yana jan wuta sosai, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa da daɗi, man fetur kuwa zai cinye ribar. Lalle, halawa, dilka da kitso ba su bukatar wuta, mata da yawa ma sun fi son a yi musu gyaran jiki a cikin gida inda babu mai leƙe. Da dubu 150 ɗin, kada ki kashe fiye da rabi a karon farko: katifa ƙarama mai rufin leda, tawul shida zuwa takwas masu duhun launi, kujera 'yar tsugune, madubi, fanka da fitila masu caji, robobi masu murfi, safar hannu, tukunya ɗaya da ba za a ƙara dafa abinci a cikinta ba. Kayan haɗi irin su garin lalle, kurkum, sukari da mai, ki saye su kaɗan-kaɗan a Tsohuwar Kasuwa ko Babbar Kasuwa. Zafin watan Maris zuwa Mayu a nan yana wuce digiri 40, mai yana sauya wari, garin lalle yana rasa ƙarfin kamu in ya daɗe a buɗe. Arahar sayen buhu asara ce ga mai mutum biyar a mako.

Halawa ita ce ta fi ba sababbi kunya, saboda yanayinmu. Ma'aunin da aka saba shi ne kofi 2 na sukari, kwatan kofi na ruwan lemun tsami da kwatan kofi na ruwa, a kan wuta kaɗan har ta yi launin zuma. Ki ɗiga kaɗan a cikin ruwan sanyi: in ta narke ba ta nuna ba, in ta dunƙule tana lanƙwasuwa tsakanin yatsu ta yi, in ta ƙame tana karyewa ta wuce. Da bazara ki bar ta ta ɗan ƙara nuna, don zafin ɗaki da gumin hannu za su sassauta ta har ta riƙa manne wa fata ta ƙi fita. Da hunturu kuma ki sauke ta da wuri. Fatar mai gyara ta zama busasshiya, a ɗan barbaɗa hoda in tana gumi. Ki gwada zafin a cikin wuyan hannunki kafin ki ɗora wa kowa, kada kuma ki maimaita wuri ɗaya fiye da sau biyu. Muhimmin abu: ki tambayi kowace mace ko tana shafa man bilicin. Irin waɗannan mayuka suna sa fata ta yi siriri, halawa na iya ɗaye ta ta bar ciwo, kuma sunanki za a kira, ba sunan man ba. In kin ga fatar tana sheƙi, jijiyoyi sun fito kore-kore, gaɓoɓin yatsu sun fi sauran hannu duhu, ki ba ta haƙuri. Amarya a yi mata halawa aƙalla kwana uku kafin biki, a bar fata ta huta yini guda kafin a murza dilka ko a shiga turare.

Jan lalle sai an tace garin da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba bakin leda zai riƙa toshewa kina tsakiyar zane. A giram 100 na gari, cokali biyu na sukari yana hana shi tsattsagewa ya zube kafin ya kama, musamman lokacin iskar hunturu. Launinsa yana ƙara nuna ne cikin kwana biyu, don haka ki faɗa wa mai biki tun farko kada ta ga ruwan goro a ranar ta ce bai kama ba. Baƙin lalle na dayis shi ne mai haɗari. Akwai sinadarin rinin gashi a cikinsa da ake kira PPD, wanda kan sa wasu ƙaiƙayi, kumburi da ƙuraje masu ruwa, har zanen ya zama tabo. Ki ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu ko bayan kunne, a jira awa 48. Wadda ta taɓa samun ƙaiƙayi daga rinin gashi ko dayis, da ƙananan yara, kada ki yi musu ko da an matsa miki.

Tsabta ba ado ba ce. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini a jikin reza. Reza sabuwa ga kowace mace, a ɓare ta a gabanta. Mataji, tsinken kitso da almakashi a wanke da sabulu, a jiƙa minti 10 a ruwan Hypo ko Jik, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, a ɗauraye a shanya don kada su yi tsatsa. Ruwan a sake haɗa sabo kullum. Yarinyar da aka kawo da makero ko ƙwarƙwata, a faɗa wa uwarta cikin sirri a yi magani tukuna. Ke ma ki je asibiti a yi miki gwaji da allurar rigakafin ciwon hanta, sau uku ake yin ta.

Sai kuɗi. Kada ki ɗauko farashin shago ki rage rabi don a zo. Ki zauna da biro ki lissafa. A ce, misali, kayan halawa da dilka na mutum ɗaya sun ci naira 2,500, gawayi da ruwa da sabulun wanki 700, aikin ya ɗauke ki awa biyu. In kin karɓi 3,500, naira 300 kika yi wa awa biyu, ga ciwon baya. Ki duba nawa awarki take kamawa a wurin Hajiya, ya kamata ta gida ta fi wannan, tunda a nan ke ce mai sayen kaya, ke ce mai wankin tawul. Aikin amarya kuwa sai da kafin alƙalami, rabin kuɗin, ranar da aka sa rana, domin za ki sayi kaya ki kuma mayar da wasu saboda ita. 'Yan'uwa da dangin miji za su zo, wannan babu makawa. Ki yanke musu rangwame sananne, amma kuɗin kaya a hannu. “Zan aiko da shi” ita ce ke cinye jarin sana'ar gida. Kuɗin sana'a su sami asusunsu daban, ko a banki ko a waya, kada su haɗu da na cefane, ki kuma riƙa rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita a littafi ɗaya kowane dare.

Talla ba ta bukatar kuɗi a farko. Hoton aikinki a WhatsApp da bakin matan unguwa sun isa. Ki ɗauki hannu ko ƙafa ko bayan kai kawai, a hasken rana, kuma sai da izinin mai jikin. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana iya jira har sai kin bukaci asusun banki da sunan sana'ar. Amma ranar da kika fara ƙulla dilka ko man gashi a roba kina liƙa suna kina sayarwa, kin shiga hurumin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci, magunguna da kayan shafa, wannan wani mataki ne daban.

Aikin shagon kada ki yi gaggawar ajiye shi. A can kike ganin sabon yayi, a can hannunki ke ƙara faɗawa, kuɗinsa kuma shi zai riƙe ki a cikin azumi da tsakiyar damina lokacin da biki ke ja baya. Kada ki auna sana'ar da makon Sallah. Ki duba littafinki bayan wata shida: in ribar gida, bayan an cire kuɗin kaya, ta wuce abin da Hajiya ke ba ki wata uku a jere, cikinsu har da watan da babu biki, sai ki je ki roƙe ta a rage miki kwana ɗaya, ki ba ta wata guda ta nemi mai maye gurbinki a ranar.