Ɗana zai bar makaranta saboda tanis

Tambaya: Koci, ɗana mai shekara 15 ya haukace da tanis. Wani mutum ya ce in biya kuɗi ya kai shi wani kulob a Turai da zai riƙa ba shi albashi, amma sai ya ajiye karatu. Har misali ya ba ni da Nduka Odizor. Barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Hajiya, kada ki ba shi ko sisi. Wanda ya kawo miki misalin Odizor bai san tarihinsa ba, ko kuma ya sani ya ɓoye. Odizor, tsohon ɗan wasan tanis na Najeriya, haifaffen Legas a 1958, ta ƙofar karatu ya fita. Ya buga wa Jami'ar Houston a Amurka kafin ya zama ƙwararre. A 1983 ya fitar da shahararren ɗan wasan Ajantina Guillermo Vilas a zagayen farko na Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, ya kai zagaye na huɗu, ya kuma ci kofin Taipei a shekarar. A 1984 ya kai na 52 a duniya.

Maganar albashin nan ita ce ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Tanis ba ƙwallon ƙafa ba ce. Babu kulob da zai sayi yaro ya ɗauke masa ɗawainiyar rayuwa. Ɗan wasa shi ke biyan kuɗin jirginsa, da otal, da koci, har da ɗaurin igiyar raket. Idan aka fitar da shi ranar Litinin, tun farkon gasa, ya tattara kayansa, asarar tasa ce. A ƙananan gasannin hukumar tanis ta duniya (ITF) da ake kira M15, dala 15,000 ce gaba ɗaya ake raba wa kowa da kowa, kuma nan kowane sabon shiga yake farawa. Sau da yawa abin da mutum zai samu ko tikitin komawa gida bai kai ba. To, albashin daga aljihun wa zai fito? 'Yan damfarar nan sun haddace yaren dillalan ƙwallon ƙafa ne kawai, suna yaudarar iyaye da shi.

Ki tambayi mutumin ko yaron yana da IPIN, wato lambar rajistar ɗan wasa a ITF, da kuma matsayinsa a jerin matasa na ITF. Za ki ga ya fara kame-kame. In kuma ya ce a rage wa yaron shekaru a takarda, ki nuna masa ƙofa.

Yaro ya ci gaba da atisaye, ya shiga gasannin matasa ta hannun hukumar tanis ta ƙasa, ya riƙe jarrabawarsa da kyau. Jami'o'in Amurka na ba 'yan tanis tallafin karatu, amma sai sun ga sakamakon makaranta kafin su saurare shi.