Filin Tambaya da Amsa: Fulawata ta bushe da hunturu, in tumɓuke ta?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Dan Allah da damina na sayi wata fulawa wajen masu saida shuke-shuke na bakin titi, mai saidawar yace sunanta angelonia, furenta ƙanana ne jere a jikin kara, wasu shunayya wasu farare. Tayi kyau sosai, amma tunda hunturu ya shigo ta fara bushewa, ɗiyata ta duba a intanet tace wai shekara ɗaya kawai take yi ta mutu. In tumɓuke ta in huta ne? Daga wata mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki tumɓuke tukun. Abin da ɗiyarki ta karanta gaskiya ne amma ba mu aka rubuta mawa ba, mutanen Ingila da arewacin Amurka ne, inda sanyi ke daskarar da ruwa ya kashe ta, shi yasa su duk shekara sai sun sake sabuwa. Asalinta daga Meziko take da tsibiran Karibiyan, 'yar ƙasar zafi ce, Turawa ma summer snapdragon suke ce mata saboda da zafi take fure. Mu nan sanyinmu bai kai ya daskarar da komai ba, don haka tana iya zarce shekara in ta samu kulawa.

Abin da ke damun taki bushewar iska ce, iskar da ke fasa mana leɓe da ƙafa ita ke tsotse ruwan tukunyar kafin la'asar. Ki ɗan kankare jikin karan da farce daga ƙasa, in kika ga kore-kore a ciki toh tana da rai. Sai ki sa almakashi ki rage tsawonta kamar rabi, ki matsar da ita jikin katanga inda iska bata bugunta kai tsaye amma rana na samunta, don tana son rana awa 6 zuwa 8, in kika ɓoye ta a inuwa zata yi ta tsawo siririya ba fure. Ban ruwa da safe, a gindi ba bisa ganye ba, kuma ki fara tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ki bari sai gobe. A bazara kam, Afrilu da Mayu, ki samo mata inda zata huta daga ranar azahar, musamman in a baƙar roba take.

Ni dai watan Agusta nafi ji mata tsoro akan hunturu, don mutanenmu sai su dasa fulawa a bokitin fenti ba huji ko ɗaya, ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe, a ce wai fulawar bata da ƙwari. Ki huda gindin, ki haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin awaki, ɗanye yana ƙona saiwa. Takin zamani kaɗan sau ɗaya a wata ya isa, in yayi yawa ganye zaki samu ba fure ba. In kika ga darɓa, ki jiƙa dakakken ganyen bedi ya kwana ki tace ki fesa da yamma.

Kuma gaskiya tsohuwar bata cika kyan sabuwa ba, shi yasa in ta farfaɗo ki yanki reshe mara fure kamar santimita 8, ki cire ganyen ƙasa ki soka a ƙasa mai danshi a inuwa, cikin 'yan makonni zai yi saiwa. Kinga ba sai kin sake kai kuɗinki bakin titi ba.

TAMBAYA: Malam na samu irin angelonia ɗin a 'yar takarda na shuka, shiru ko ɗaya bai fito ba. Daga wani ɗan'uwa a Daura.

AMSA: Ina zargin binne shi kayi kamar mai shuka gero. Irin nan ƙanana ne ainun kuma sai da haske yake tsirowa, don haka barbaɗawa ake bisa ƙasa a ɗan danna da hannu, a riƙa yayyafa ruwa a hankali kar ya tafi da shi. Ka bashi kamar sati biyu, kuma ka bari sai sanyi ya wuce, ƙasa mai ɗumi yake so. Ka ɗora kaskon shukar sama don kar kaji su tone.