Ina son bincike kan tasowar yara a jami'a, ta ina zan fara?

'Yar'uwa, kin ce kin gama digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma son yara ne ya jawo ki. To, son kaɗai ba zai kai ki ba. Sai kin yi digiri na biyu da na uku, kuma ki riƙe lissafin ƙididdiga da kyau, don a nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe.

Jariri ba ya amsa tambaya. Shi ya sa tun zamanin masanin halayyar jarirai Robert Fantz, wajen 1960, ake auna tsawon lokacin da yake kallon abu, a gane abin da ya bambance. Sai an sami izinin iyaye da amincewar kwamitin ɗa'a kafin a fara, sannan wasu jariran su yi kuka ko barci a tsakiyar gwaji, a sake nemo wasu. Bibiyar yara kuwa shekaru take ci, alhali ƙarin girma a jami'a da yawan maƙalu ake samunsa.

A ganina, wanda zai duba aikinki ya fi sunan jami'a muhimmanci. Karanta maƙalunsa tukuna, ki tambayi tsofaffin ɗalibansa yadda yake riƙe su.