Wane littafi ne ke tsara ibadar mabiya Hindu?

Malam, ka tambaya ko Bhagavad Gita ne littafin da mabiya Hindu ke bi wajen ibada. Ba littafi ɗaya ba ne, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Tsofaffin littattafan Veda huɗu su ne tushe. Rig Veda kaɗai na da waƙoƙin yabo 1,028. Sai dai hadayar wuta suka fi mai da hankali a kai, ba ibadar cikin haikali ba. Wannan aikin littattafan Agama ne: yadda za a gina haikali, a sassaƙa gunki, a yi masa wanka, a tufatar da shi, a miƙa masa fure, turare, fitila da abinci. Cikakkiyar puja, wato irin wannan ibada ta hidima ga gunki, matakai 16 ce. Masu bautar Shiva na da Agama 28, Agaman masu bautar Vishnu kuwa sun kasu biyu, Pancharatra da Vaikhanasa. A kudancin Indiya, haikalin Tirupati Vaikhanasa yake bi, na Srirangam Pancharatra, don haka kada ka ɗora wa wani tsarin wani.

Gita, mai babi 18 da baiti 700, aƙida da miƙa wuya take koyarwa, ba matakan ibada ba.

In bincike kake, nemi masanin Sanskrit, harshen waɗannan littattafai, domin bayanan intanet sukan cakuɗa mazhabobin.