Amsa ga ɗan'uwan da aka ɗora wa kwaya bai shirya ba

Salama ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka amma caji ya ƙare, sai yanzu na samu zama. Ka ce an ba ka shugabancin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, mutum 26, maza biyar kacal, ba wanda ya iya karanta solfa, in kun ɗauki waƙa a sama kafin baiti na uku kun gangaro ƙasa, kuma kana so ka fara haɗa naka waƙoƙin na Hausa kafin Kirsimeti. Toh ni na riƙe kwaya shekara 17, da fari a ƙauye a kudancin Kaduna, daga baya a cikin gari, bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Maganar solfa ka cire ta daga ranka tukuna. Solfa hanya ce ta rubuta murya, daga Ingila ta zo, John Curwen ne ya yaɗa ta a can, 'yan mishan suka kawo mana tare da littattafan waƙa. Tana da amfani sosai, kai malami ka iya ta don kada ka manta abin da ka haɗa. Amma je ka zauna a bayan 'yan zumuntar mata ranar koyon waƙarsu, a cocin ECWA ne ko COCIN ko EYN ko HEKAN duk ɗaya, za ka ga mace guda ta ja, sauran sun amsa, tulu yana dukan lokaci, caki yana bi, cikin rabin awa sabuwar waƙa ta zauna daram, ba allo ba alli. Kunne suke amfani da shi. Mutanenka ma suna da kunnen nan.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne haɗa waƙar. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, ga kuma dogon wasali da gajere, kowace kalma da muryarta ta zo tun kafin ka sa mata taka. Yawancin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi fassara ce, an bar muryar Turawa yadda take aka cusa kalmomin Hausa a ciki, mun saba da su tun muna yara shi ya sa kunnenmu ya daina jin inda suka murɗe. Sabuwar waƙa kuwa ba ta da wannan gatan, jama'a za su ji ta da kunnen magana.

Ni sai da na sha kunya na gane. Shekarata ta biyu na haɗa waƙar Ista, ina ta alfahari, murya huɗu cif, akwai layin da na ce "ya sha wuya saboda mu". A kan kalmar wuya na sa muryar ta fara a sama ta sauko, don haka ya fi mini daɗi a kibod. Muna fitowa daga sujada wata tsohuwa, uwar zumunta ta da, ta kama ni a bakin ƙofa ta ce, ɗana waƙarku ta yi daɗi, amma wuyan wa aka sha? Na tsaya ina kallonta. Ta ce faɗi wuya ta wahala. Na faɗa, ta fara ƙasa ta hau. Ta ce to faɗi wuyan da ake rataya sarƙa. Ya fara sama ya sauko. Ashe mutum 30 na tsayar gaban ikilisiya suna rera wuyan jiki da iya ƙarfinsu. Haka in ka ja "ta" ɗin "mu tafi" ya koma tafi na hannu, in ka ja "ga" ɗin gari ka koma garin tuwo, fasa tulu ya zama fasa tafiya.

Tun daga ranar na canza tsari. Kalmomi nake fara rubutawa, daga Zabura ko Luka sura 2 in Kirsimeti ne, sai in yi ta faɗinsu da baki kamar ina yi wa mutum magana daga nesa, sau goma sau ashirin, ina tafe a kan mashin ma ina yi, har muryar ta fito da kanta daga cikin maganar. Sai a ƙarshe nake taɓa kibod. In dogon wasali ne ya samu dogon bugu, gajere kuma kada ka ja shi ko da kiɗan yana roƙonka. Ba dole kowace gaɓa ta bi ba, amma kalmar da ke ɗauke da saƙon, wannan kam kada ka taɓa ta. Ka rera wa mamanka ko wata dattijuwa ba tare da ka nuna mata takarda ba, ka ce ta maimaita abin da ta ji.

Kuma da maza biyar kada ka wahalar da kanka da raba murya huɗu, wato sofrano, alto, tena, bes. Yi mai ja da 'yan amshi, amshin ya rabu murya biyu, mazan duka ka tara su wuri ɗaya su riƙe ƙasa. Tena mutum biyu masu tsoro sun fi babu tena ɓata waƙa, gaskiya.

Gangarowar da kuke yi kuma, abu uku na fi gani. Ko ki ɗin, wato matakin muryar da kuka ɗauki waƙar a kai, ya yi wa matan sama, suna ta maƙe wuya har su gaji, toh sauke shi, in kuna G ku dawo F, ba zunubi ba ne. Ko numfashi, suna kai ƙarshen layi iska ta ƙare sai muryar ta sunkuya, sai ka nuna musu daidai inda kowa zai ja numfashi, kada ka bar wa kowa ra'ayinsa. Na ukun shi ne muryoyin da solfa ke kira fa da ti. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan murya biyar suke tafiya, do re mi so la, shi ya sa in an zo fa ko ti mutanen ƙauye sukan ɗan zame, kaɗan kaɗan har waƙa ta nutse. In kai ke haɗawa, rage su, musamman a amshi. Ga hunturu kuma yana zuwa daidai lokacin Kirsimeti, maƙogwaro a bushe, a zo da ruwa mai ɗumi, a bar ruwan firij ranar Asabar.

Ka riƙa yin rabin firaktis ba kibod sam. Mu an taɓa ɗauke wuta a tsakiyar waƙar baikon coci, janareta ya ƙi tashi, kwaya ta tsaya cak kamar an yanka, tulun mata ne ya cece mu. Ka ɗauki rikodin a waya ma, kowace murya daban, ka tura musu a WhatsApp su ji suna girki.

Latti kam ban da maganinsa, sai dai ka fara a kan lokaci ko da mutum huɗu ne, ka kuma tashi a kan lokaci, matan aure suna da tukunya a wuta. Kada ka gyara wa babba kuskure gaban yara, bi shi gefe bayan addu'ar rufewa. Waƙa biyu sababbi sun ishe ka bana. In ka rubuta ta farkon, turo kalmomin nan tare da muryarka kana faɗinsu da baki kawai, mu ji inda suke hawa kafin ka sa musu kiɗa.